Ina Wurin Horo Aka Fitar da Auta

Ku yi min afuwa, masu bibiyata, na ga saƙonninku duka. Wata baiwar Allah har cewa ta yi ko an ɗaura ne na manta da ku. Ba a ɗaura ba, 'yar uwa. Hannuna ne ya ƙi riƙe waya, duk lokacin da na buɗe zan rubuta sai haruffan su narke min a ido. Yau dai na wanke fuska na zauna, zan ba ku labarin yadda ya faru, ko ƙirjina ya ɗan yi sauƙi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni malamar firamare ce. Mu biyu ne wurin Ummanmu tun rasuwar Abba, ni da ƙanena Auta. Sa'o'insa duk sun shiga sakandare, shi kuwa bai taɓa gama zango ɗaya a aji ba. Likita ya ce galahanga ce, wato ƙwaƙwalwarsa tana karɓar duniya ta wata hanya daban da tamu. Ƙarar da ni da ku ba za mu ko waiga ba, shi sai ta durƙusar da shi yana toshe kunne. Ba ya kallon mutum ido cikin ido, maganarsa ba ta fi 'yan kalmomi ba, kuma in aka sauya masa abu ba a sanar da shi ba, ranar gidan ba zaman lafiya. Duk makarantar da muka kai shi sai ta dawo mana da shi, har da wadda nake koyarwa. Shugabanmu ya kira ni ofis ya ce, "Malama, ki fahimce ni, mu ba asibiti muka buɗe ba."

Sai Mai Kemis, wanda kuka fi son jin labarinsa. Shagonsa yana bakin titinmu. A can muka saba, ina zuwa sayen abin toshe kunne na Auta. Dogo ne, mai sanyin murya, kullum rigarsa a goge. Shi ne namiji ɗaya tak da Auta ke yarda ya zauna kusa da shi, don yana tara masa kwalayen magani da suka ƙare, Auta ya zo gida ya jera su a falo daga ƙarami zuwa babba. Ranar da na ga Auta ya miƙa masa hannu da kansa, ranar na goge "Mai Kemis" a wayata na sa wani suna da ba zan faɗa muku ba. Ku bar ni da kunyata.

To, akwai wata ƙungiya da ke tura malamai ƙasar waje aikin sa-kai na kusan shekara, a makarantun da yara makafi da masu galahanga ke zama aji ɗaya da sauran yara. Na nema ba a ɓoye ba. Umma har dariya ta yi ta ce, "Duk malaman duniya sai ke za su ɗauka? Allah ya ba da sa'a." Mai Kemis ma shi ya kai ni ɗaukar hoton fasfo. Ina ga duk sun ɗauka mafarki nake.

Sai ga kira na bidiyo daga jami'ar shirin. Na sa dogon hijabina ruwan toka, na jingina wayar da kofi a kan teburin ɗakina, na share zufar tafin hannuna a siket. Matar da ta bayyana dattijuwa ce da baƙin gilashi, ita ma ba ta gani.

"Kada ki damu da gyara zama," in ji ta, "ni duk yadda kika zauna kyakkyawa ce."

Dariya ta kuɓuce min, tsoron ya ragu. Ta sa wata malama ta zagaya da wayar cikin ajin da za a kai ni. Wallahi, masu karatu, na ga abin da ban san akwai shi ba. Wata yarinya makauniya tana buga rubutun ɗigo-ɗigo a ƙaramin inji, ƙawarta mai gani tana raɗa mata abin da ke kan allo, suna rigima a kan wa ya ci lissafin. A kusurwa an shimfiɗa katifa da matasai, wani yaro sanye da abin toshe kunne yana kaɗa jiki gaba da baya, sak Auta. Ba mai kallonsa, ba mai dariya. Can malamar ta nuna masa katin hoton littafi, ya tashi da kansa ya koma kujerarsa.

Ban san hawaye na zuba ba sai da jami'ar ta ce, "Na ji numfashinki ya sauya. Kina da wani a gida ko?"

Na ba ta labarin Auta. Na ce so nake in koyo, in dawo in buɗe aji irin wannan ko da a ƙarƙashin rumfa ne.

"Mun ɗauke ki," ta ce. "Amma wa zai riƙe shi in kin taho?"

"Ummata," na ce, ko ɗar ban ji ba.

Labari bai kwana biyu ba Gwaggo ta iso. Yayar Abba ce, kuma tun rasuwarsa ta naɗa kanta uban gida. Tun daga ƙofa turarenta ya riga ta shigowa, Auta ya toshe hanci ya shige ɗaki. Ta tsallake kwalayensa da ƙyar, ta zauna a kujerar Abba, ta ɗora ƙatuwar jakarta a cinya.

"Ke Malama, zo nan. Wai ƙasar waje za ki, ki yi wa makafin wasu bauta kyauta?"

"Koyo za ni, Gwaggo."

"Koyo! Karatun da kika yi bai ishe ki ba? Ƙawayenki na goye da na biyu, ke kina neman jirgi." Ta juya wurin Umma. "Na haɗu da uwar yaron nan mai kemis. Za su zo ita da ƙannenta su ga gida. Kin san me ta tambaye ni? Wai abin nan na Auta, a jini yake?"

Umma ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta.

"Me kika ce mata?" na tambaya.

"Na ce zazzaɓi ne ya taɓa shi yana ƙarami, kuma ya ma warke."

"Gwaggo, ƙarya fa kenan."

"Rufe min baki! Ƙaryar da za ta kai ki ɗakinki ta fi gaskiyar da za ta bar ki kina tsufa a nan. Abin da za a yi, a kai shi gidan Kawunku a gona ya ɗan kwana biyu. Akwai mai magani a can ma, ya gwada nasa. In an gama komai sai ya dawo."

Auta da ko kofinsa aka sauya ba ya shan ruwa, shi za a kai gidan da bai taɓa kwana ba?

"Umma, ki yi magana mana."

Da ƙyar ta ɗago. Idonta ya yi ja. "Na gaji, Malama," ta ce a hankali. "Ke kina shirin tafiya. Kin taɓa tambayata ko zan iya shi ni kaɗai? In ya fara buga kansa da bango, ke kike riƙe shi. Ni bayana ya ƙare."

Wannan maganar ta fi ta Gwaggo zafi, don gaskiya ce. Na faɗa wa jami'a "Ummata" da bakina, amma ban taɓa zama na tambayi Umman ba. Duk da haka na dage, na ce Auta ba inda za shi, wanda zai aure ni ya aure ni da ƙanena a falo. Gwaggo ta ja tsaki ta ɗauki jakarta. Umma ta ce, "To, shi kenan, an bar maganar." Ni kuma na yarda.

Washegari daga makaranta na biya shagon Mai Kemis. Yana tsaye bayan kanta da farar rigarsa ta aiki, yana jera kwalaben maganin tari, fanka tana juyi a sama. Ya jawo min kujerar roba.

"Malamata, fuskar nan fa? Ɗalibai ne suka cinye ki?"

"Hajiyarka ta tambaya ko ciwon Auta a jini yake."

Hannunsa ya tsaya a kan kwalba. "Na ji. Kin san tsofaffi."

"Kai me ka ce mata?"

"Ina lallaɓa ta."

"Ban ce me kake yi ba. Me ka ce?"

Ya zagayo ya jingina da kanta. "Ba a yi wa Hajiya gaba da gaba. In ta ga gida ta ga Umma, hankalinta ya kwanta, sauran a hankali zan shigar mata. Tafiyar ma ta ce shekara ta yi yawa."

"Kai kuma?"

"Ni ban hana ki ba."

"Ba ka kuma ce in je ba."

Ya yi murmushin nan nasa da ke kashe min jiki, ya miƙo min leda cike da kwalaye. "Kai wa abokina. Ki kwantar da hankalinki, ba wanda zai wulaƙanta Auta ina tsaye."

Kafin in isa gida saƙonsa ya shigo: "Ko bayan duniya kika je, ni mai jira ne." Na karanta ya fi a ƙirga. Ku da kuke cewa in riƙe shi da kyau, irinsa sun yi ƙaranci, ni ma a ranar haka na ce.

Ranar Asabar ƙungiyar ta shirya mana horo na yini guda, mu da za a tura. Baƙin Gwaggo kuwa an ce sai Lahadi. Da safe na zauna da Auta a gaban katunan hotunan da na manna masa a bango, na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar kullum: wanka, shayi, kwalaye, abinci, barci, sai hotona a ƙarshe, alamar zan dawo. Ya taɓa hoton nawa ya ci gaba da jera kayansa. Umma tana kicin, ko juyowa ba ta yi ba da na yi mata sallama. Na ɗauka fushin ranar nan ne.

A zauren horon an karɓe wayoyinmu aka zuba a kwando. Aka ɗaure mana idanu da baƙin ƙyalle, aka ba kowa farar sanda, aka haɗa mu bibbiyu. Mai horarwar ya ce, "Kada ki taɓa fizgar makaho. Ki ba shi gwiwar hannunki ya riƙe, ki gaya masa abin da ke gaba kafin ya iso." Abokiyar tafiyata ta bi da ni wani dogon baranda, sai wani ya kira ta, ta sake ni ba ta ce komai ba. Na tsaya cak. Ban san ina bango yake ba, ban san ko matakala ce a gabana ba. Ni da na san wasa ne, na san zan iya cire ƙyallen, sai da na kasa yin ko taku ɗaya.

Bayan azahar aka koma kan masu galahanga. Duk abin da aka faɗa na san shi a jikina, har mai horarwar ya riƙa cewa in tashi in ba da misali. Na yi ta zuba ina ba su labarin katunan Auta, ana tafa min. Ina can ana tafa min, jama'a.

Da aka tashi aka ce kowa ya tabbatar da tafiyarsa cikin makon nan. Na kunna waya a mota, saƙo ɗaya ne daga Mai Kemis tun safe: "Allah ya ba da sa'a, Malamata." Na yi murmushi ni kaɗai kamar wata sabuwar shiga.

Tun daga ƙofa na san an yi wani abu. Gidan yana ƙamshin sabulun goge ƙasa. An sauya labulen falo, an shimfiɗa sabon kafet. Kwalayen Auta babu ko ɗaya. Bangon da katunansa suke ya zama fari fat, sai tabon gam. A kan tebur ga faranti da kofunan baƙi, ɗaya da shatin jan baki. Umma tana zaune cikin doguwar rigarta mai ruwan zuma wadda ba ta sawa sai da dalili, hannuwanta a cinya. Gwaggo tana kwashe sauran lemo tana 'yar waƙa.

"Kin dawo? Ai kin yi rashi. Sun zo sun tafi, sun yaba gida ƙwarai. Uwar ta ce ba ta taɓa ganin gida mai tsafta da shiru irin wannan ba."

"Ba Lahadi aka ce ba?"

"An matso da shi."

"Ina Auta?"

Na ruga ɗakinsa. An gyara gado, an ɗauke bargonsa. Abin toshe kunnensa yana rataye a ƙusa. Kofinsa shuɗi yana kan taga. Na fito da su a hannu.

"Umma, ina ƙanena?"

"Kwana biyu ne kawai," ta ce, muryarta tana karyewa. "Gwaggonku ta ce kwana biyu."

"Kun tura shi ba wannan? Ba kofinsa? Kun ma gaya masa inda za shi?"

"Wa za a gaya wa?" in ji Gwaggo. "Yana ji ne?"

Allah ya taimake ni ban ce mata abin da ya zo bakina ba. Wani tunani ne ya tare ni. Auta ba ya shiga motar kowa. Ko ni sai na yi ta nuna masa hoton mota tun da safe.

"Wa ya shigar da shi mota?"

Gwaggo ta kalli Umma. Umma ta kalli kafet. Daidai nan wayata ta yi ƙara, sunan nan da na sa wa Mai Kemis ya fito a fuskarta.

"Malamata." Muryarsa ba tasa ba ce. Ina jin ƙarar manyan motoci a bayansa. "Ki saurare ni, don Allah kada ki kashe."

"Kai ne?"

"Gwaggo ta ce in ban kai shi ba, za ta kira masu ƙarfi su ɗaure shi su sa a mota. Na ga gara ni. Na yi niyyar gobe in ɗauke ki mu je mu dawo da shi tare, wallahi niyyata kenan."

"Ba ni shi in ji numfashinsa."

Na ɗaga murya.

"Ba ni Auta!"

"Mun tsaya shan mai a babban titi, wajen wata kasuwa. Lafiya lau yake, yana riƙe da kwalinsa. Sai wata tirela ta danna hon a gefenmu. Na shiga biyan kuɗi, ban fi ƙiftawar ido ba, na fito na tarar da ƙofar mota a buɗe, ba ya ciki."

"Tun yaushe?"

"Tun azahar."

Na kalli taga. Rana ta yi ƙasa sosai.

"Tun azahar, sai yanzu kake kirana?"

"Na ɗauka zan gan shi. Na zagaye kasuwar, na sanar da 'yan sanda, yaran gidan man duk sun bazu…"

Umma ta ji komai, don wayar a buɗe take. Wani sauti ya fito daga bakinta da ban taɓa ji ba ko ranar rasuwar Abba. Na durƙusa na riƙe kafaɗunta.

"Umma, tsaya. Wace riga ce a jikinsa? Duk rigunansa na ɗinke lambar wayata a cikin wuya. Duk wanda ya tsince shi zai kira."

Ta ɗago ta kalli Gwaggo. Gwaggo ta ajiye kwalbar lemon a hankali.

"Sabuwa na sayo masa," ta ce. "Tsofaffin duk sun koɗe. Na ce kada a je gidan mutane da tsumma."

Ban san yadda muka fita ba. Na dai tuna na tare tasi a tsakiyar titi, Umma ta shiga da takalmin wanka a ƙafa da rigar baƙinta, tana ta kiran sunan Allah. Ni ban yi kuka ba. Na rungume abin toshe kunnen da kofin, ina kallon kowane yaro a bakin hanya. A tsakiyar tafiya saƙon jami'a ya shigo, wai mai horarwa ya yabe ni, yaran ajin sun fara koyon sunana, yarinyar nan mai inji ta ce ita za ta fara gaishe ni. Na kife wayar a cinya.

Mun isa ana rufe rumfunan kasuwa. Na hango Mai Kemis tsaye gefen motarsa, rigar nan da kullum take a goge ta yi duƙun-duƙun, wandonsa ya naɗe har gwiwa. Da ya gan ni ya taho. Sai ya miƙo min abin da ke hannunsa.

Takalmin Auta ne, ƙafar hagu. Na karɓa. A jiƙe yake sharkaf, ruwa yana ɗiga ta yatsuna.

"Akwai ruwa a nan?" na tambaye shi.

Ya juya ya kalli bayan gidan man, inda mutane suka fara taruwa.